Masu Cefanen Lafiya: Tarihin Ƙungiyoyin da Suka Riƙa Magana da Yawun Masu Riƙe da Kuɗin Asibiti a Ingila

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon domin waɗanda data ba ta bari su saurari murya ba, da kuma waɗanda dama sun fi son karatu.

Ranar 1 ga Yuli 2022 an wayi gari a Ingila hukumomin lafiya guda 106 sun daina wanzuwa a idon doka. Ba a rufe asibiti ko ɗaya ba, ba a kori majiyyaci daga gado ba, kuma da za ka tare mutane a titi ka tambaye su, da yawansu ba su ma san an yi ba. Amma waɗannan hukumomi su ne suka shafe shekara 9 suna yanke hukuncin asibitin da za a ba kuɗi, da aikin tiyatar da za a biya, da wanda za a ce wa mutum ya yi haƙuri. Da suka tafi, ƙungiyar da ke magana da yawunsu ma ta bi su. Labarin wannan ƙungiya da magabatanta za mu bayar yau.

Kafin mu shiga, bari mu warware kalma ɗaya, don idan ba a gane ta ba sauran zancen ba zai zauna ba. A gidan Bahaushe akwai mai girki, akwai kuma mai cefane. Mai cefane shi ke riƙe da kuɗin, shi ya san bakin da ke gidan, shi zai ce yau nama za a saya ko wake. To a tsarin lafiyar Ingila ma haka aka raba. Asibitoci su ne masu girki. Sannan akwai wasu hukumomi na yanki-yanki da gwamnati ke ba kuɗin haraji, su duba yawan jama'arsu da irin cututtukan da ke damunsu, su ƙulla kwantiragi da asibitoci a madadin jama'ar. Su ne za mu riƙa kira masu cefanen lafiya har ƙarshen shirin nan.

To daga ina abin ya faro?

An kafa hukumar lafiya ta ƙasa, wato NHS, ranar 5 ga Yuli 1948, lokacin Aneurin Bevan yana ministan lafiya. Manufar ita ce kowa ya ga likita ba tare da ya biya a bakin ƙofa ba, haraji ne zai ɗauki nauyi. Gwamnati ta karɓe asibitoci, amma likitocin unguwa, waɗanda ake fara gani kafin a tura mutum babban asibiti, sun ƙi yarda su zama ma'aikatan gwamnati. Sai aka bar su suna gudanar da ƙananan asibitocinsu da kansu, suna yi wa NHS aiki bisa kwantiragi. Ku riƙe wannan batu, zai dawo mana.

Shekaru arba'in na farko babu zancen mai cefane daban, mai girki daban. Hukuma ɗaya ce ke karɓar kuɗi, ita ce kuma ke tafiyar da asibitin. A 1974 an yi babban garambawul aka kafa hukumomin shiyya 14 da na yankuna 90. A 1982 aka rushe na yankunan aka kawo na gundumomi 192. Tun a wancan zamanin hukumomin suka lura cewa idan kowace ta je Landan ita kaɗai da kukanta, ba mai sauraronta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai suka haɗu a ƙungiya guda ta ƙasa, wadda ake taƙaita sunanta da NAHA. Idan kuna son misali na gida, ku tuna ALGON, ƙungiyar shugabannin ƙananan hukumomi 774 na Najeriya. Ba ita ce gwamnati ba, ba ta da ikon ba kowa umarni, amma ita ce bakin mambobinta.

Canjin da ya haifar da cefane ya zo ne a zamanin Margaret Thatcher. A 1989 ministan lafiya Kenneth Clarke ya fito da takardar manufa, aka mai da ita doka a 1990, aka fara aiki da ita a Afrilun 1991. Tunaninsu shi ne: idan asibiti ya san kuɗinsa na zuwa ko ya yi aiki ko bai yi ba, me zai sa ya ƙoƙarta? Don haka aka ƙirƙiri kasuwa a cikin gida. Asibitoci suka zama cibiyoyi masu cin gashin kansu, su nemi kwantiragi. Hukumomin gundumomi suka zama masu saye. Sannan aka ƙara wani abu da ya tayar da ƙura: an ba manyan asibitocin unguwa damar su karɓi kason kuɗin marasa lafiyarsu a hannu, su sayo musu wasu ayyukan asibiti da kansu, idan sun yi rara su zuba ta a inganta wurin aikinsu.

Nan fa likitocin unguwa suka rabu gida biyu. Waɗanda suka karɓi jakar kuɗin suka ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, likitan da ke ganin mara lafiya kullum ya fi ma'aikacin ofis sanin abin da ya kamata a saya. Waɗanda suka ƙi karɓa suka ce an raba jama'a aji biyu, domin majiyyacin likita mai jaka yana iya samun tiyata da wuri fiye da maƙwabcinsa da likitansa ba ya cikin tsarin. Kowane ɓangare ya kafa ƙungiyarsa. Ta masu jaka ita ce daga baya ta koma NAPC. Ta waɗanda suka ƙi, amma suke son a riƙa shawara da su a ƙungiyance wajen tsara cefanen yanki, ita ce tushen NHS Alliance, wadda wani likitan unguwa daga Devon, Michael Dixon, ya daɗe yana shugabanta. A ɓangaren hukumomi kuma, NAHA ta faɗaɗa a 1990 ta zama NAHAT don ta haɗa da sababbin cibiyoyin asibitoci, sannan a 1997 ta haɗe da wata ƙungiyar asibitocin aka samar da NHS Confederation. Waɗannan sunaye uku, NAPC da NHS Alliance da NHS Confederation, su ne iyayen ƙungiyar da muke nufa.

A 1997 jam'iyyar Labour ta hau mulki ƙarƙashin Tony Blair, da alkawarin kashe wannan kasuwa. Sun dai soke tsarin jakar likitoci, amma rabuwar mai cefane da mai girki ta zauna daram. A Afrilun 1999 aka kafa rukunonin kula da lafiya a matakin farko guda 481. Kafin su gama zama, aka fara mai da su hukumomi masu cikakken iko da ake kira PCT. Zuwa 2002 akwai su kusan 300, a 2006 aka haɗe su suka koma 152. NHS Confederation ta buɗe musu reshe na musamman a cikinta domin ya zama muryarsu. Sai dai korafin da aka riƙa yi a kan PCT shi ne manajoji sun yi yawa, likitoci suna gefe, kuma manyan asibitoci sun fi su ƙarfi a teburin ciniki. Ku kwatanta yaron da aka aika kasuwa da kuɗi, ya tarar mahaucin garin ɗaya ne tak, kuma ya girme shi. Wane ciniki zai yi?

Abin lura a nan, ba duk Birtaniya ce ta bi wannan hanya ba. Bayan an ba yankuna ikon tafiyar da lafiyarsu, Sikotland ta watsar da tsarin kasuwar a 2004, Wels ta bi sahu a 2009. Ingila ce ta ci gaba da shi, ta ma ƙara masa wuta.

A 2010 aka kafa gwamnatin haɗaka ta David Cameron da Nick Clegg. A yarjejeniyarsu sun rubuta cewa za su daina irin garambawul ɗin da ake ƙaƙaba wa NHS daga sama. Ba a yi wata uku ba, a Yulin shekarar, ministan lafiya Andrew Lansley ya fito da shirin da ke cikin mafi girma a tarihin hukumar: a rushe duk PCT, a rushe hukumomin da ke samansu, a miƙa jakar cefane ga gungun likitocin unguwa. Shugaban NHS na lokacin, David Nicholson, ya ce girman sauyin har daga sararin samaniya ana iya hango shi. Suka ta yi yawa har gwamnati ta dakatar da ƙudurin a majalisa a Afrilun 2011 don ta saurari jama'a. Bayan sauraron aka yi gyare-gyare. An ce dole majalisar gudanarwar kowane gungu ta ƙunshi ma'aikacin jinya, da likitan babban asibiti, da mutum biyu na gari waɗanda ba ma'aikatan lafiya ba. Aka kuma canza sunan zuwa CCG. Dokar ta samu sa hannu a Maris 2012, kuma ranar 1 ga Afrilu 2013 CCG guda 211 suka fara aiki, da kusan kashi biyu cikin uku na kasafin NHS na Ingila a hannunsu, wajen fam biliyan 65.

To ku duba halin da suka samu kansu. Likita ne da ya saba duba makogwaro da auna hawan jini, yau an ce shi ne shugaban hukumar da ke riƙe da ɗaruruwan miliyoyin fam. Girman hukumomin ma ba ɗaya ba: ta garin Corby mutanenta ba su kai 100,000 ba, wata a Devon kuwa ta doshi 900,000. A samansu akwai sabuwar uwar hukuma, NHS England, mai ba su izinin aiki da kuɗi, mai kuma auna su. A gabansu akwai manyan asibitoci, waɗanda ƙungiyarsu ta riga ta ɓalle daga NHS Confederation a 2011, ta kuma koma NHS Providers a 2014, da bakinta mai kaifi a kafafen labarai. Idan CCG ba su haɗa kai ba, za a ci su ɗaya bayan ɗaya.

Wannan ne ya sa tsofaffin abokan hamayyar nan biyu, NAPC da NHS Alliance, waɗanda suka yi shekaru suna jayayya kan jakar likitoci, suka zauna tebur ɗaya da NHS Confederation. A 2012 suka kafa NHS Clinical Commissioners, wato NHSCC. Shiga ba dole ba ce. CCG ce za ta ga dama ta biya kuɗin zama mamba, kuma mafi yawansu sun shiga. Mambobi ke zaɓen shugabanni daga cikinsu. Likitoci irin su Amanda Doyle daga Blackpool da Steve Kell daga Bassetlaw sun shugabance ta tare, daga baya Graham Jackson ya shigo, yayin da Julie Wood ta daɗe tana riƙe da ofishin.

Me take yi takamaimai? Na farko, kai kuka. Idan NHS England ta fito da wata ƙa'ida da za ta ɗaure hannun mambobi, ƙungiyar ce ke tattara ra'ayinsu ta kai, ta kuma je gaban kwamitocin majalisa ta yi bayani. Na biyu, haɗa masu aiki iri ɗaya. Tana da zaure na masu cefanen lafiyar ƙwaƙwalwa, da na ma'aikatan jinya, da na jami'an kuɗi, da na mutanen garin nan da ke zama a majalisun CCG, da na masu sayen aikin motocin ɗaukar marasa lafiya, da na manyan birane. Wanda ya ci karo da matsala a Liverpool sai ya ji yadda aka warware irinta a Bristol, ba sai ya fara daga farko ba. Na uku, kuma nan ne gizo ke saƙa, ta zama abokiyar aikin uwar hukuma wajen tsara abin da za a daina biya.

Ku ji dalili. Shekarun CCG shekarun tsuke bakin aljihu ne. Kasafin NHS yana ƙaruwa, amma ba ya kamo buƙata, tsofaffi suna ƙaruwa, magunguna suna ƙara tsada. Kowace CCG sai ta fara neman inda za ta rage. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne dashen ƙwai na IVF ga masu neman haihuwa. Hukumar NICE, mai ba da shawara kan magunguna da hanyoyin jinya, ta ce a ba macen da ba ta kai shekara 40 ba zagaye uku idan ta cika sharuɗɗa. Amma CCG da yawa zagaye ɗaya suke biya, wasu ma suka daina gaba ɗaya. Mata biyu, haraji ɗaya suke biya, ciwo ɗaya ke damunsu, amma adireshin gida ne zai yanke wadda za ta samu. Jaridunsu suna kiran wannan cacar adireshi.

Kowace CCG da ta yanke irin wannan hukunci ita kaɗai, ita ke shan zagi ita kaɗai. Don haka mambobi suka nemi a riƙa yin wasu hukunce-hukuncen a matakin ƙasa. A 2017 NHSCC da NHS England suka fitar da jerin abubuwa 18 da suka ce bai kamata likitocin unguwa su riƙa rubutawa a kai a kai ba, saboda ko dai ba hujjar suna aiki, ko akwai masu araha da ke yin aikinsu. Cikinsu akwai homiyofati, wani salon magani da ake tsarma sinadari da ruwa har kusan ba abin da ya rage. Masu goyon bayan homiyofati sun kai ƙara kotu, suka sha kaye a 2018. A shekarar ta 2018 aka ƙara wani jerin na ƙananan larurori 35, irin su mura da amosanin kai, inda aka ce mutum ya je kantin magani ya sayi irin su farasitamol da kuɗinsa. Daga nan aka zo kan wasu ayyukan tiyata 17 da aka ce a daina yi sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

A nan ra'ayi ya rabu, kuma ina ganin kowane ɓangare yana da abin faɗa. Masu yabo suka ce kuɗin jama'a ne, fam ɗin da aka kashe a maganin da ba ya aiki an hana shi ga mai ciwon daji, kuma ƙa'ida ɗaya ga kowa ta fi cacar adireshi adalci. Masu suka suka ce farasitamol ɗin da mai albashi ba ya jin kuɗinsa, ga uwa mai 'ya'ya huɗu da ke rayuwa da tallafi wani abu ne. Suka kuma yi tambayar da har yau ba ta tsufa ba: wannan ƙungiya da aka kafa don ta tsaya wa mambobinta a gaban hukuma, yaushe ta koma mai taya hukuma aiki? Ita dai amsarta ita ce, idan ba ka zauna a inda ake yanka ba, kason da aka ga dama za a miƙo maka.

Akwai wasu matsalolin da suka bi CCG har kabari. Kun tuna mun ce likitocin unguwa masu zaman kansu ne? To daga 2015 aka fara ba CCG hannu a cefanen aikin likitocin unguwa ɗin kansu. Wato mai cefane yana sayen kaya a shagonsa. Dole aka yi ta fitar da ƙa'idojin bayyana maslaha da fita daga ɗaki lokacin yanke hukunci. Ga kuma dokar gasa da ta sa CCG ke tsoron ba da aiki ba tare da tallata kwantiragi ba, don kada a maka su a kotu. Ya kuma faru: kamfanin Virgin Care ya kai ƙarar wasu CCG na yankin Surrey bayan ya rasa kwantiragin kula da lafiyar yara, aka sasanta a wajen kotu a 2017.

Tun daga 2014, lokacin da Simon Stevens ya karɓi ragamar NHS England, iska ta fara juyawa daga gasa zuwa haɗin gwiwa. A 2016 aka raba Ingila yankuna 44 aka ce asibitoci da CCG da ƙananan hukumomi su zauna su yi tsari tare. Kuɗin gudanar da ofis na CCG, wanda aka fara da fam 25 kan kowane mutum a shekara, aka yi ta rage shi, har aka umarce su su zaftare kashi 20 cikin 100 kafin shekarar kuɗi ta 2020. Ƙananan ba za su iya ba, sai haɗewa. Daga 211 suka koma 195 a 2018, 135 a 2020, 106 a 2021. Annobar korona ta ƙarasa abin da ya rage, domin a lokacin an jingine cinikin kwantiragi aka riƙa ba asibitoci kuɗi dunƙule. Dokar 2022 ta zo ta tabbatar da abin da ya riga ya faru a ƙasa: aka rushe CCG, aka kafa manyan hukumomi 42 da ake kira ICB.

Ita kuma NHSCC fa? Ƙungiyar mambobi ba ta rayuwa bayan mambobinta. A shekarunta na ƙarshe aikinta ya koma neman a saka abin da mambobi suka koya cikin sabuwar dokar, musamman kada a sake ture likitoci da ma'aikatan jinya gefe, kada kuma girman sababbin hukumomin ya sa a manta da unguwa. Daga nan aikin wakilci ya koma wani sabon zaure a cikin NHS Confederation. Kiɗa ya canza, rawa ta canza, amma masu rawar da yawa su ne dai na jiya da sabon suna a ƙofar ofis.

Labarin bai tsaya nan ba. A Satumban 2024 Lord Darzi, wani babban likitan tiyata da sabuwar gwamnatin Labour ta sa ya binciki halin da NHS ke ciki, ya bayyana dokar 2012 a matsayin bala'in da ba a ga irinsa a wata ƙasa ba. A Maris 2025 Firaminista Keir Starmer ya sanar da cewa za a rushe NHS England ɗin kanta, aka kuma ce wa ICB su rage kuɗin gudanarwarsu da rabi. Ku ƙirga da kanku sau nawa aka canza mai cefane daga 1991 zuwa yau.

Me ya shafe mu? Na farko, 'yan uwanmu da yawa likitoci da ma'aikatan jinya suna aiki a NHS, wasu cikin masu karanta wannan ma suna shirin tafiya, kuma waɗannan hukumomin ne ke yanke abin da za su iya rubuta wa majiyyaci. Na biyu, tunanin raba mai cefane da mai girki ya iso gida. Hukumomin taimakekeniyar lafiya na jihohi, irin su KSCHMA a Kano da KADCHMA a Kaduna, aikinsu ke nan: su tara kuɗi, su biya asibitoci a madadin waɗanda suka yi rajista. Ranar da kuɗi suka gaza, su ma za su zauna su zaɓi abin da za a biya da abin da za a bari, kamar yadda CCG suka yi.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a duk tarihin nan shi ne, asibitoci suna da ƙungiyarsu, likitoci suna da tasu, masu cefane ma sun yi tasu, kuma duk lokacin da aka rushe ɗaya sai wata ta tsiro, saboda akwai kuɗin mamba da ofis da ma'aikata. Matar da aka hana IVF saboda adireshinta ba ta da irin wannan kujera a teburin. Mutum biyu na gari da aka saka a majalisar kowace CCG ƙoƙari ne, amma ba zaɓensu jama'a suka yi ba.

To ku fa, a jiharku, kun san wa ke yanke jerin magungunan da katin inshorarku ke biya? Kun taɓa jin an kira taron jin ra'ayin masu katin? Ku faɗa mana abin da kuka gani da idonku, za mu karanto wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wanda ya amfana ya tura wa wani.